Darakta Bahau da Taken Rumfar Baba Sallau

Mu Hausawan Kuala Lumpur Allah ya yi mana wata baiwa: da zarar jirgi ya sauke mutum, sai tarihinsa ya yi ƙiba. Wanda ya taɓa riƙe wa likita jaka a gida, a nan rabin likita ne. Wanda ya taɓa cin tuwon suna a gidan kwamishina, a nan da shi aka yi gwamnati. Ba ma ƙaryata juna, don kowa ya san garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yankanta. To, ko a cikinmu Malam Bahauddeen daban yake.

Ɗalibin digiri na uku ne a jami'ar da ke Jalan Semarak, ya daɗe a kan karatun har waɗanda suka zo suka tarar da shi sun gama, sun koma gida, sun ajiye tumbi. Ba a ce masa Dakta tukuna, Malam kuwa ya yi masa kaɗan. Darakta ake kiransa, saboda tun zuwansa ya sanar da jama'a cewa ya yi aiki a gidan talabijin a Kano, zamanin da talabijin ke talabijin. In aka tambaye shi wane sashe, sai ya kaɗa hannu ya ce da salon 'yan Malesiya, "Ko'ina, lah. Babu ɗakin da ban shiga ba."

Da korona ta zo aka kafa dokar kulle, Darakta ya rasa 'yan sauraro. Ya rage daga shi sai matarsa Ɗelu, wadda ta haddace labaransa har tana gyara masa in ya yi tuntuɓe, sai 'yarsu guda ɗaya, Raudatu, 'yar shekara takwas. Yarinyar nan ita ce ransa. Amma a Malesiya ta yi wayo, in ka yi mata Hausa tana ji sarai, sai dai amsar ta dawo maka da Turanci ko Malayanci.

Ana cikin azumi, wata rana ƙanensa Fatihu ya kira ta bidiyo daga Kano ya miƙa wa mahaifiyarsu, Hajiya Hureira. Tsohuwa ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar.

"Ina ƙawar tawa? Rauda, kin wuni lafiya? Ya azumi, ko ba a fara ba?"

"Fine, Grandma. Dah makan?"

"Me ta ce?"

"Cewa ta yi kin ci abinci," in ji Bahauddeen.

"Da azumin? To, kuma bakinta ciwo yake da sai an yi mini tafinta tsakanina da jikata?" Hajiya ta ja da baya, ta gyara mayafi. Duk wanda ya san ta ya san in ta gyara mayafi hukunci ne zai fito. "Bahau, saurara. Ranar da aka buɗe hanyar jirgi, ka sako mini yarinyar nan. Ta zauna a gabana har harshenta ya miƙe. Ba zan mutu in bar jika tana gaishe da kabarina da yaren da ban sani ba."

Ɗelu da ke yankan albasa ta ajiye wuƙa. Shi ma Bahauddeen ya san Hajiya ba ta maimaita magana, kuma bai taɓa tsallake umarninta ba. Ya dubi Rauda tana kwance a kan kafet tana zane, ya ji kamar an riga an ɗauke ta. Mai hankali a nan haƙuri zai bayar. Amma bakin Darakta ya riga hankalinsa tashi.

"Hajiya, ki ba ni zuwa Sallah. Ranar Sallah za ki ji Hausa a bakinta, irin wadda ko a Ƙofar Mata sai an tsaya an saurara."

"Allah ya kai mu," in ji Hajiya, ta kashe.

"Abban Rauda, ta yaya?" Ɗelu ta tambaya, idonta ya yi ja, ba na albasa kaɗai ba.

"Simple. Mu da me muka koyi Hausa? Da talabijin."

"Ni dai a bakin uwata na koya."

"Shi ya sa taki ba ta da style. Shiri zan haɗa, irin na da. Yaran yanzu ba su san take ba, shi ne ciwon."

Nan take ya kira Malam Lawal, shugaban ƙungiyarmu, wanda ke shirya gaisuwar Sallah ta Zoom tunda babu ziyara. Ya ce a ware masa lokaci, zai farfaɗo da Rumfar Baba Sallau, wasan kwaikwayon da ya yi tashe lokacin muna yara, kuma yaran ƙungiya duka za su amfana. Malam Lawal ya ji daɗi har ya sanar a gurup ɗin ƙungiya, da hoton Darakta sanye da baƙin tabarau.

A nan dole a yi wa Bahauddeen adalci, ya taɓo mana inda yake yi mana ƙaiƙayi. Duk wanda ya tashi a wancan zamani ya san abin da take yake yi wa unguwa. Da an ji kiɗan farko daga gidan mai talabijin, mata su bar tukunya a wuta, yara su watsar da langa, mai shago ya ce wa mai ciniki ya dawo anjima. Sai ka ga duniya tana juyawa a allo, sai jarumi ya ratso kasuwa yana ɗaga wa mutane hannu, sai 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya kowa ya waiwayo ya yi murmushi, sunaye suna hawa sama. Labarin wasan yawancinmu mun manta. Taken kuwa yana nan a kunne, kuma a cikin kullen nan, kowa a ɗaki a ƙasar mutane, kewarsa ta kama mu ba kaɗan ba.

"Shiri gida ne, take shi ne zaure," in ji Darakta. "In zaure ya yi kyau, ko ciki kango ne an yafe."

Da kiɗa aka fara. Maƙwabcinsa Isaac, mutumin Jos, injiniyan kwamfuta, shi ke kaɗa piyano a cocinsu da ke Brickfields, kuma tunda an rufe coci hannunsa na ƙaiƙayi. Barandarsu na jingine da juna, don haka kowa ya tsaya a tasa da takunkumi a fuska, Bahauddeen yana rerawa da busasshen maƙogwaro.

"Tin-tirin-tin, gudum-gudum, tin-tirin-tin, tas!"

Isaac ya gwada. Ya sake gwadawa. Sai ya tsaya ya ɓata fuska.

"Oga Darakta, wannan tune ɗin na san shi somewhere. Ba shi da words?"

"Babu. Kiɗa ne zalla. Classic."

"Abin mamaki, in na kaɗa shi sai in ji ɗaci a bakina."

"Nostalgia ke nan, Isaac. Haka take yi wa mutum. Ci gaba."

Piyano kaɗai bai ishe shi ba, sai da ganga. Da babu ganga, ya ɗauko turmin Ɗelu ya kafa a tsakar falo, ya ba ta taɓarya ya ce ta riƙa ba shi gudum-gudum. Tsohuwar 'yar Sin da ke zaune a ƙasansu ta amsa da sandar tsintsiya a rufin ɗakinta. Bahauddeen ya kasa kunne, fuskarsa ta washe.

"Kin ji? Ta fi ki riƙe kiɗa. Ƙara bugawa, mu ɗauki nata."

Sai da maigadin benen, wani ɗan Nepal mai haƙuri, ya hawo ya roƙe su da hannu biyu kafin aka mayar da turmi kicin.

Sai duniya mai juyawa. A lokacin mai gida kaɗai doka ta yarda ya fita cefane, abin da ya tona asirin mazajenmu da yawa da ba su san bambancin alayyafo da ganyen albasa ba. Ɗelu ta aike shi kasuwar Chow Kit ya sayo kifi da kayan miya. Ya dawo yana nishi da ƙatuwar kankana a kafaɗa, da dami guda na takardar bayan gida.

"Ina kifin?"

"Kifi ba ya juyawa."

"Wannan takardar fa? Mu da muke da buta?"

"Na ga kowa na wawaso, na ce kar a bar mu a baya. Kuma ga amfaninta, a kanta sunaye za su hau."

Ya zauna ya zana taswirar duniya a jikin kankana da baƙin alƙalami. Najeriya ta cinye rabin Afirka, Kano kuma ta cinye rabin Najeriya. Ya zura ta a ragar albasa, ya hau kujera ya ɗaure a fankar sama. Ɗelu ta riƙe waya tana ɗauka, Rauda ta tsaya a wajen makunni.

"Rauda, number one only, slowly. Ready? Action!"

Abin da Darakta ya manta shi ne fankar gidan in an murɗa ta, da mafi ƙarfi take farawa. Duniya ta yi juyi biyu cikin mutunci, a na uku ta fara shawagi, a na huɗu raga ta ce ba da ita ba. Kankana ta ratsa falo ta daki bango, ta tarwatse. Turai ta manne a labule, Najeriya ta faɗa cikin tukunyar kunun buɗa-baki. Ga shi da sauran rana, ƙamshin kankana ya cika gida, ba mai ikon lasar yatsa sai Rauda, wadda ta zauna a ƙasa tana cin Asiya.

"Best, Abba! Again!"

"Kin ɗauki juyi biyun farko?" ya tambayi Ɗelu, 'ya'yan kankana a gemunsa.

"Na ɗauka har da na ƙarshe."

"Biyun sun isa. Za mu yi looping."

Sunaye ba su ba da wahala ba, don suna ɗaya ne. Ya warware takardar bayan gida ya rubuta: mai shiryawa Bahauddeen, mai ba da umarni Bahauddeen, mai tsara labari Bahauddeen, haske da sauti Bahauddeen. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, ya sa "da taimakon iyali." Ɗelu ta karanta ta ce ai ko ladan ganga a ba ta, ya ce a talabijin ba a son cunkoso. Wajen waiwaye da murmushi ne aka sha fama. Ɗelu ta waiwayo da fuskar da ta saba yi masa in ya dawo babu kifi, ya ce a sake. Ta sake, ta fi ta farko muni. Rauda kuwa ta waiwaya har wuyanta ya gaji.

"Turn! Smile! No, natural smile! Chin up, good girl!"

"Abban Rauda," in ji Ɗelu, "tunda aka fara aikin koya wa yarinyar nan Hausa, ban ji ka yi mata Hausa ko sau ɗaya ba."

"Directing da Turanci ake yi. Hausar tana cikin shirin."

"Ina shirin?"

"Mu gama da zaure tukuna."

Azumi ya yi nisa, zaure bai ƙare ba. Ya rage fitowar jarumi. Tunda babu kasuwa, Darakta ya zaɓi filin ajiye motoci na benensu. Ya saka babbar riga mai aiki, ya kafa hula, ya sauka da tsakar rana, ya bar Ɗelu a baranda can sama tana ɗauka. Ya taho yana taku ɗai-ɗai yana ɗaga wa ginshiƙai hannu.

"Sannunku da kasuwa! A'a, Alhaji, ya iyali? Madalla, madalla!"

Ya ɗaga kai, Ɗelu ta yi masa alama da hannu. Nufinta ya hawo haka nan, shi ya ɗauka a sake. Ya koma ya sake gaishe da ginshiƙai. Ya sake. Zafin Kuala Lumpur ba ya wasa da mai singileti ma, balle mai babbar riga da azumi a baki. Kafin wani lokaci gumi ya jiƙe shi sharkaf, maƙwabta sun fito baranda, kowa da waya a hannu.

Maigadi ya iso da 'yar bindigar auna zafin jiki, ya saita goshin Darakta. Na'ura ta yi ƙara, ta nuna ja. Bahauddeen ya buɗe baki zai yi bayani, busasshen maƙogwaro ya ci amanarsa, tari ya ƙwace. Maigadi ya yi tsalle baya kamar ya taka wuta.

"Duduk, boss! Duduk!" ya ce da Malayanci, wato ya zauna.

Aka zaunar da shi a kan kujerar roba, aka kewaye shi da jan zare. A gurup ɗin mazauna benen labari ya riga ya bazu cewa zazzaɓin ya taɓa wa wani ɗan Afirka kai, ga shi can yana hira da ginshiƙai. Tsohuwar ƙasansu ta rubuta cewa ita ta daɗe da sani. Sai da Isaac ya sauko da takunkumi biyu a fuska.

"No corona, boss. Drama, drama. TV. Boleh check again?"

Aka bar shi ya huce a inuwa, aka sake aunawa, na'ura ta nuna kore. A cikin lif Isaac ya dube shi da tausayi.

"Oga, abeg, a bar abin nan haka."

"A bari? Ba ka ga barandu ba? Tun ba a fara ba mun sami audience."

Daren Sallah ya zo, Ɗelu ta zaunar da Rauda tana ƙoƙarin cusa mata "Barka da Sallah, Hajiya," yarinya na maimaitawa kamar mai haɗiyar ƙwaya. Abu ɗaya ne ya shige ta: kiɗan. Tana wanka tana tin-tirin-tin, tana cin abinci tana gudum-gudum. Bahauddeen ya ce wa Ɗelu ta kwantar da hankalinta, in take ya shiga, harshe na biye. Amma da ya ga ta ninke kayan Sallar yarinyar tana share ido, shi ma ya ji tsoro.

Ranar Sallah kowa ya yi Idinsa a falo. Da la'asar, lokacin hantsi ne a Kano, aka haɗu a Zoom. Allo ya cika da 'yan akwatuna, kowane da iyali cikin shadda da leshi, yara na leƙe. Isaac ma an gayyace shi a matsayin mai kiɗa. A wani akwati can gefe ga Hajiya Hureira, Fatihu na riƙe mata waya. Malam Lawal ya yi addu'a, ya ce yanzu sai Darakta.

Bahauddeen ya gyara tabarau. "Jama'a, abin da za ku gani, professional work ne. Wannan take, ina cikin ginin da ake saka shi. A jinina yake. Yara, ku buɗe kunne, yau za ku san daga inda kuka fito."

Ya danna.

Kankana ta bayyana tana juyi biyu tana komawa, juyi biyu tana komawa. Piyano ya shigo, turmi na biye, can ƙasa-ƙasa ana jin sandar tsintsiya. Sai ga Darakta daga sama, ƙanƙane kamar ƙwaro cikin babbar riga, yana gaishe da ginshiƙai. Ɗelu ta waiwayo kamar za ta ci mutum. Takardar bayan gida ta fara hawa da Bahauddeen, Bahauddeen, Bahauddeen.

Yara suna ta dariya, wannan bai dame shi ba. Fuskokin manya ne suka ba shi mamaki. Maimakon hawayen kewa da ya yi tsammani, sai ya ga kowa ya karkata kai yana motsa leɓe, kamar mai neman sunan wani tsohon ɗan ajinsu. Matar Malam Lawal, Maman Khaulah, ita ta fara kamo bakin zaren. Ta manta makirfonta a buɗe yake, ta saki murya:

"Yaro na kuka, ciki ya yi tulu,"

Wani daga wani akwatin ya karɓa:

"Ga susar baya, ga ƙin cin tuwo,"

Sai gaba ɗaya, malaman jami'a da matansu, masu digiri da masu neman digiri, har da Malam Lawal da carbi a hannu:

"Uwa, ba shi Fatattaka cokali guda,
Gobe da safe tsutsa ta fito!"

Turmi ya ce gudum-gudum, piyano ya ce tas, daidai kan gaɓa, babu ragi babu ƙari.

"Shi ne!" Isaac ya yi ihu har ta bango ana jin sa. "Maganin tsutsar ciki! Shi ya sa nake jin ɗaci! Mamana ta ɗura mini shi a Jos!"

"A'a, a'a, ku tsaya," in ji Bahauddeen. "Kun yi mixing. Wannan taken Rumfar Baba Sallau ne. Ni da na yi aiki a..."

"Fatihu, matso da ni."

Muryar Hajiya ce. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

"Bahau, yaushe ka ga Rumfar Baba Sallau? Mu muna da talabijin ne? Jama'a, a tagar gidan Alhaji Ɗayyabu yaran layinmu suke kallo, ta bayan gilashi. Shi kuma gajere ne, kullum yana baya, ƙeyar yara kawai yake kallo. Da an ce ga shiri nan tafe sai a sako tallar maganin nan, kiɗan ya fito ta gilashi, maganar ba ta fitowa. Tallar na ƙarewa ake kiran magariba, in zo in ja kunnensa zuwa masallaci. Ko hular Baba Sallau bai taɓa gani ba."

"Hajiya, ai daga baya da na fara aiki a gidan..."

"Wane aiki? Kawunka Hadi ne maigadi a can. Kai kake kai masa abincin rana, ka bi ɗaki-ɗaki kana tattaro kwanukan ma'aikata, su ba ka ƙanzo."

Wani ya faɗo daga kujera, an ji ƙarar. Maman Khaulah ta kashe kyamararta, amma ta sake manta makirfo, ana jin ta tana neman numfashi. Malam Lawal, mutumin kirki, ya yi ƙoƙarin ceto.

"To, to, ya isa. Take dai an gani, masha Allah. Darakta, a sako mana shirin kansa."

Bahauddeen ya dubi Ɗelu. Ɗelu ta dubi silin.

"Shirin... yana post-production."

"Babu shi," in ji Ɗelu. "Zaure muka gina."

Darakta ya cire tabarau a hankali. Ya ga fuskarsa a ɗan akwatinsa, ga hula ta karkace, ga ragowar tabon kankana a bango bayansa. Abin ya zo masa wuya, ya rasa ko kuka zai yi, sai dariya ta ƙwace masa.

"Wallahi jama'a," ya ce yana share ido, "shekara da shekaru ina mamakin abin da ya sa in na rera taken nan sai cikina ya murɗa. Ashe jiki ya san gaskiya, ni ne ban sani ba."

Dariyar ba ta daɗe a bakinsa ba, don ya hango Hajiya tana gyara mayafi. Sallah ta zo, Hausa ba ta zo ba. Ɗelu ta jawo Rauda jikinta ta riƙe.

Yarinyar kuwa tun ɗazu goshinta a tattare yake. Kiɗan da ta kwana biyu tana rerawa ya sami kalmomi, kuma kalma ɗaya ta tsaya mata. Ta zame daga hannun uwarta ta matso gaban allo.

"Hajiya," ta ce, a hankali, tana lalube. "Mene ne... tsutsa?"

Hannun Hajiya ya tsaya a kan mayafi.

"Me kika ce, ƙawata?"

"Mene ne tsutsa?"

"Wata aba ce doguwa, fara, tana zama a cikin yaron da ba ya wanke hannu. Tambayi ubanki, ya yi kiwonsu."

Rauda ta zaro ido. "Abba? A ciki? Nawa?"

"Garke guda. Ranar da na ba shi maganin nan, ihunsa har bakin titi."

"Sai me? Sai me ya faru?"

Hajiya ta ba da labarin tiryan-tiryan a gaban ƙungiya, ba ta rage ko wutsiya ba. Rauda na tambaya, inda Hausa ta ƙare mata ta cike da hannu, tsohuwa na miƙa mata kalma tana cafkewa. Bahauddeen na zaune ana yi masa tsirara a gaban duk wanda ya taɓa ce masa Darakta, amma kunnensa na kan bakin 'yarsa, yana jin abin da ya yi wata guda yana fasa kankana dominsa.

Da labari ya ƙare Hajiya ta gama gyara mayafinta.

"Bahau."

"Na'am, Hajiya."

"Na fasa. A bar ta a wajen uwarta. Amma kullum in kun yi la'asar a ba ta waya. Ashe ba harshe ta rasa ba, abin tambaya ta rasa. Ni kuwa ina da labaranka da za su kai mu har aurenta."

"Hajiya, ko a riƙa yi mata tatsuniya? Gizo da..."

"Wane Gizo, ga ka?"

Haka aka yi. Ɗelu ta yi sujadar godiya, ta kuma kafa doka cewa ba a ƙara ɗaura komai a fanka. Sunan Darakta bai mutu ba, sai dai yanzu in an faɗa akan biyo shi da tas. Kullum bayan la'asar, Bahauddeen da hannunsa yake kiran Kano, ya miƙa wa Rauda waya, ya koma kicin ya zauna kusa da turmi yana jin ana ɓare tarihinsa kamar gyaɗa. Ciwo kam da ciwo. Amma duk labari ɗaya da aka tona, sai yarinyar ta fito da sababbin kalmomi a baki, kuma tana nan a gidan, yana jin takunta.

Wata rana ta leƙo kicin da waya a hannu, ta yi masa tambaya da Hausa tsantsa, babu gargada ko ɗaya.

"Abba, wai da gaske ne akuya ta taɓa korarka har cikin masallaci, ka ɓuya a bayan liman?"

Daɗi ya cika shi har ya ji ƙwalla. Ya gyara zama, ya ɗaga yatsa.

"Ba akuya ba ce, Rauda. Sa ne. Wani ƙaton bajimi, ƙahonsa kamar daga nan zuwa ƙofa."

Daga cikin wayar muryar Hajiya ta fito tar.

"'Yar akuya ce. Ko yaye ta ba a yi ba."